Daga Uwar Ƙwaya Zuwa Sankarar Hanji: Tafarkin Binciken Hans Clevers da Matsalar Sanya wa Cuta Suna a Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar ilimi ta Farfesa Hans Clevers, masani ɗan ƙasar Holan, wanda shi da ɗalibansa suka tantance ƙwayoyin da ke sabunta bangon hanji a shekarar 2007, suka kuma nuna cewa daga gare su sankarar hanji ke iya farowa. An jera matakan binciken bisa tsarin tarihi, sannan aka auna sakamakonsa da kalmomin da Bahaushe ke kiran cututtukan hanji da su, tare da ɗaukar unguwar Kabara ta birnin Kano a matsayin madubi. Maƙalar ta nuna cewa kalmomin basir da daji da ƙwaya suna ɗauke da nauyin ma'ana fiye da kima, kuma hakan na iya jinkirta zuwa asibiti a cutar da ake iya tarar hanzarinta. A ƙarshe an gabatar da wasu keɓaɓɓun kalmomi domin masana su tattauna.

Fitilun Kalmomi: hanji, uwar ƙwaya, sankara, basir, keɓaɓɓun kalmomi

1.0 Gabatarwa

Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2020 ta nuna cewa fiye da mutum miliyan 1.9 ne suka kamu da sankarar babban hanji da dubura, kuma fiye da 930,000 suka rasu ta dalilinta. Ita ce ta uku a yawa cikin nau'o'in sankara, ta biyu a kisa. Duk da haka tana cikin waɗanda aka fi sanin yadda suke farawa, kuma kaso mai tsoka na wannan sani ya fito ne daga ɗakin bincike ɗaya a birnin Utrecht.

Manazarcin Hausa yana da ruwa da tsaki a wannan batu, domin abin da aka gano a ɗakin bincike ba ya isa ga majinyaci sai ta bakin harshe. Saboda haka maƙalar ta kasu gida biyu: bayanin ilimin kansa ta hanyar bin sawun wanda ya yi masa hidima, da kuma duba kalmomin da za su ɗauke shi zuwa cikin ganuwa. A duk faɗin maƙalar, ƙwayar halitta na nufin mafi ƙanƙantar tubalin da aka gina jiki da shi, ƙwayar gado na nufin umarnin da ke rubuce a cikin wannan tubali wanda ake gada daga iyaye, uwar ƙwaya kuwa ita ce ƙwayar halittar da ke haifar da wasu ba tare da ita ta ƙare ba. Hujjar wannan zaɓi tana sashe na 5.3.

2.0 Ginin Bangon Hanji

Fatar da ta lulluɓe cikin hanji shimfiɗa ce mai kaurin ƙwayar halitta ɗaya tak, kuma babu wani sashe na jiki da ya kai ta saurin sabuntawa. Cikin kwana huɗu zuwa biyar akasarinta kan zube, sabuwa ta maye gurbinta. A ƙaramin hanji, shimfiɗar tana da geza mai kama da ƙananan yatsu da ke tsotse abinci, a gindin gezar kuma akwai ƙananan kwarmi da suka nutsa cikin bango. Babban hanji ba shi da geza, kwarmin kaɗai yake da shi. A ƙasan kwarmi ake haihuwar sababbin ƙwayoyi, su riƙa turo juna sama, su rarrabu zuwa masu tsotsar abinci da masu fitar da majina da sauransu, har su kai ƙoli su faɗo.

Tun da daɗewa masana suka amince cewa lallai akwai iyayen ƙwayoyi a cikin kwarmi, amma suka saɓa a kan mazauninsu. A shekarar 1974 Hazel Cheng da Charles Leblond na Jami'ar McGill da ke Kanada suka ce wasu siraran ƙwayoyi ne da ke maƙale a can ƙasa, tsakanin manyan ƙwayoyin da ake kira da sunan Paneth. Christopher Potten na birnin Manchester a Ingila kuwa ya tafi a kan cewa suna ɗan sama, wajen mataki na huɗu daga ƙasa. Saɓanin ya ɗauki fiye da shekara talatin, saboda babu wata alama da za a iya ɗaura wa ƙwayar a bi diddigin zuriyarta.

3.0 Tafarkin Binciken Clevers

3.1 Daga Garkuwar Jiki Zuwa Hanji

An haifi Clevers a birnin Eindhoven a shekarar 1957. Ya karanci ilimin halittu da likitanci a Jami'ar Utrecht, ya kammala likitanci a 1984, ya sami digirin digirgir a 1985 a fannin garkuwar jiki. Daga 1986 zuwa 1989 ya yi zaman ƙarin sani a cibiyar Dana-Farber da ke Boston a Amurka, a ƙarƙashin Cox Terhorst. Ya dawo gida ya zama farfesan ilimin garkuwar jiki a 1991, shekarar da ɗakin bincikensa ya gano wata ƙwayar gado a cikin fararen ƙwayoyin jini, aka raɗa mata suna TCF1.

A wannan mataki hanji bai shigo cikin lissafinsa ba. A 1996 ne ya bayyana cewa dangin TCF su ne ke zartar da wani saƙo da ake kira Wnt, wanda ke umartar ƙwayoyi su hayayyafa. A ɗaya ɓangaren, Bert Vogelstein na Jami'ar Johns Hopkins da abokinsa Eric Fearon sun riga sun bayyana a 1990 cewa sankarar hanji tana ginuwa ne daki-daki ta hanyar taruwar gurɓacewa a ƙwayoyin gado, kuma a 1991 aka gano ƙwayar gado mai suna APC, wadda kan lalace a kusan kashi 80 cikin ɗari na masu wannan cuta a ƙasashen Turai da Amurka. A 1997 ɗakunan binciken Clevers da Vogelstein suka haɗa hannu suka nuna cewa APC linzami ce ga saƙon Wnt. Idan linzamin ya tsinke, umarnin hayayyafa ba ya tsayawa. Shekara guda bayan haka, Vladimir Korinek, ɗaya daga cikin masu aiki da Clevers, ya cire ƙwayar gado Tcf4 daga jikin ɓeraye, sai aka haife su babu ƙwayoyi masu hayayyafa a gurbin kwarmin ƙaramin hanjinsu, suka mutu jim kaɗan da haihuwa. Wannan ya nuna cewa saƙon da ke raya lafiyayyen hanji shi ne dai ke ciyar da sankara idan ya kuɓuce.

3.2 Bin Salsala

A 2002 Clevers ya zama daraktan Cibiyar Hubrecht da ke Utrecht, kuma a shekarar ɗakinsa ya fitar da jerin ƙwayoyin gadon da saƙon Wnt ke kunnawa. Nick Barker, ɗan Birtaniya da ke aiki a ɗakin, ya bi jerin ɗaya bayan ɗaya har ya tsaya a kan wata mai suna Lgr5, wadda ke aiki a siraran ƙwayoyin nan da Cheng da Leblond suka nuna.

Ganin alama a jikin ƙwaya bai isa hujjar cewa uwa ce ba, sai an gwada akan san na ƙwarai. Sai suka samar da ɓeraye waɗanda idan aka ba su wani magani, ƙwaya mai Lgr5 za ta ɗauki shuɗin launi na dindindin da za ta gadar wa duk abin da ta haifa. A rana ta farko an ga ɗaiɗaikun shuɗɗan ƙwayoyi a ƙasan kwarmi. Bayan kwana biyar sai ga shuɗin zare ya miƙe daga ƙasan kwarmi har ƙolin geza, ya ƙunshi dukan nau'o'in ƙwayoyin shimfiɗar. Bayan wata biyu zaren yana nan, alhali an sauya shimfiɗar fiye da sau goma. An buga wannan a mujallar Nature a 2007. Dabarar ta yi daidai da abin da Hausa ke kira bin salsala: a tabbatar da asali ta hanyar zuriyar da ba ta yanke ba.

Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa kwarmi ɗaya na ƙaramin hanjin ɓera na ɗauke da iyayen ƙwayoyi wajen 14, suna takarar mazauni a tsakaninsu, kuma ƙwayoyin Paneth ne ke ba su wani ɓangare na saƙon da suke rayuwa da shi. A 2011 wasu masana a jihar Kalifoniya suka kashe ƙwayoyi masu Lgr5 a hanjin ɓera, sai wasu ƙwayoyi na sama suka cike gurbin. Hakan ya mayar wa ra'ayin Potten wani ɓangare na martabarsa, ya kuma nuna cewa mazauni na da hannu wajen mai da ƙwaya uwa.

3.3 Mafarin Sankara

A 2009 Barker, tare da abokan aiki daga Glasgow da Cardiff, ya tsinke linzamin APC a wurare biyu daban. Da aka tsinke shi a jikin iyayen ƙwayoyi, tsiro ya bayyana ƙarara cikin mako 3 zuwa 5. Da aka tsinke shi a jikin 'ya'yansu masu gajeren kwana, akasari sai girman ya tsaya. Dalilin a fili yake: ƙwayar da za ta zube cikin kwana biyar tana tafiya ne da ɓarnarta, wadda ke zaune daram a ƙasan kwarmi kuwa tana gadar da ita, tana kuma da lokacin tara wata a kai.

A jikin ɗan Adam wannan tarawa takan ɗauki shekara goma ko fiye kafin ƙaramin tsiro ya rikiɗe ya zama sankara. Wannan tazara ita ce mafi girman amfanin binciken ga majinyaci, domin likita na iya leƙa hanji da na'ura ya tsinke tsiron tun bai rikiɗe ba.

3.4 Hanjin Gwaji

A dai shekarar 2009, Toshiro Sato, likita ɗan Japan da ya zo ɗakin Clevers, ya ɗauki uwar ƙwaya guda ɗaya ya sa ta cikin wani abu mai danƙo, ya ƙara sinadarai uku masu kwaikwayon saƙonnin kwarmi. Ƙwayar ta gina ɗan ƙaramin hanji mai kwarminsa da nau'o'in ƙwayoyinsa, ya ci gaba da girma tsawon watanni. A 2011 aka yi hakan da naman ɗan Adam. A 2015 ɗakin Clevers da na Sato, wanda ya riga ya koma Jami'ar Keio a Tokyo, kowannensu ya ɗauki lafiyayyen hanjin gwaji ya gurɓata masa ƙwayoyin gado ɗaya bayan ɗaya, ciki har da APC da KRAS da TP53 da SMAD4, har ya ɗauki siffofin sankara. Hasashen Fearon da Vogelstein ya sami gwaji na zahiri bayan shekara 25. A 2020 kuma ɗalibansa suka nuna cewa wani nau'in ƙwayar cuta ta E. coli da ke zama a hanjin wasu mutane tana barin tambarin ɓarna na musamman a ƙwayoyin gado, kuma ana samun tambarin a jikin wasu masu sankarar.

Clevers ya shugabanci Majalisar Masana Kimiyya da Fasaha ta Holan daga 2012 zuwa 2015, kuma a 2022 ya koma kamfanin magunguna na Roche a birnin Basel a matsayin shugaban sashen bincike. Abin lura ga mai nazarin tarihin ilimi shi ne, kusan kowane mataki da aka ambata yana ɗauke da sunan wani ɗalibi ko mataimaki wanda daga baya ya kafa nasa zauren.

4.0 Yanayin Cutar a Nijeriya

A 1971 Denis Burkitt, likitan fiɗa da ya daɗe yana aiki a Yuganda, ya danganta ƙarancin sankarar hanji a karkarar Afirka da cin abinci mai dusa da harza. A 2015 Stephen O'Keefe na Jami'ar Pittsburgh ya musanya abinci tsakanin baƙaƙen fatar Amurka 20 da mazauna karkarar Afirka ta Kudu 20 na tsawon mako biyu, sai alamomin haɗari a bangon hanji suka ragu ga waɗanda suka koma cin abincin karkara, suka ƙaru ga waɗanda suka koma cin mai da nama. Wannan ya shafi al'ummar da tuwon dawa da gero da wake da miyar ganye ke ja da baya a akushinta.

A Nijeriya, Farfesa Olusegun Alatise na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, tare da Peter Kingham na cibiyar Memorial Sloan Kettering ta New York, sun kafa ƙungiyar bincike mai suna ARGO a 2013. Rahotonsu na 2021 ya nuna cewa majinyatan Nijeriya sun fi takwarorinsu na Amurka ƙuruciya, cutar ta fi kama su a dubura, kuma akasari sai ta yi nisa suke isa asibiti. Ya kuma nuna cewa lalacewar APC ba ta kai yawan da ake gani a Amurka ba. Ke nan taswirar da aka zana a Utrecht da Baltimore ba ta rufe tambayar ba, akwai sauran aiki ga masana a jami'o'inmu, ciki har da Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

5.0 Suna da Cuta a Cikin Ganuwa

Unguwar Kabara, wadda ke daura da Gidan Rumfa, ta samo sunanta daga Malam Umaru Kabara, malamin da ya fito daga Kabara ta kusa da Tumbuktu. A nan Shehu Muhammadu Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996, ya zauna ya karantar, ya kuma fassara Alƙur'ani zuwa Hausa cikin aikinsa Ihsanul Mannan. Unguwa ce da ta saba da aikin ɗauko ilimi mai zurfi daga wani harshe a zuba shi cikin Hausa. Mazauninta da ya ga jini a bayan gidansa yana da hanyoyi a kusa: masu sayar da saiwa da sassaƙe a Kasuwar Kurmi, da motocin masu tallar magani da lasifika, da kuma Asibitin Murtala. Sunan da ya ba abin da ya gani yana da tasiri a kan hanyar da zai fara bi.

5.1 Basir

Kalmar basir aro ce daga Larabci, kuma a ilimin likitanci tana nufin kumburin jijiyoyin jini na dubura. A bakin jama'a ma'anarta ta faɗaɗa ta haɗiye taurin bayan gida da kumburin ciki da ciwon baya da raunin mazakuta. Gaskiya ne cewa yawancin jinin da ake gani a bayan gida ba na sankara ba ne. Matsalar ita ce alamomin farko na sankarar dubura, wato jini, da sauyin yanayin bayan gida, da jin kamar bai ƙare ba, duk suna da gurbi a ƙarƙashin wannan inuwa. Cutar da ake ɗauka kowa na da ita ba ta tayar da hankali, ga kuma kunya da ke hana a bayyana wa likita abin da ya shafi wannan sashe na jiki. Mutum na iya shafe watanni yana shan jiƙo, tazarar da aka bayyana a sashe na 3.3 tana ƙarewa. Saƙon da ya kamata a tsara da Hausa shi ne: jinin da ya daɗe, musamman in ya haɗu da rama ko ƙarancin jini ko sauyin bayan gida, ba a kiran sa basir sai likita ya duba.

5.2 Daji, Sankara da Kansa

Hausa na da kalmomi uku da ake musayarsu. Kansa aro ce daga Ingilishi, ta yi ƙarfi a rediyo da asibiti. Ciwon daji kuwa tana jan hankali zuwa daji, mazaunin iskoki a tunanin Bahaushe, kuma tare da ita ake jin camfin nan na cewa daji ba ya son allura ko ƙarfe. A cutar da fiɗa ce babban maganinta, wannan camfi yana da tsada. Binciken da aka bibiya ya nuna cewa cutar tana tasowa ne daga ƙwayoyin jikin mutum kansa. Don haka maƙalar ta fifita sankara a rubutun ilimi, saboda ba ta ɗauke da wannan inuwa.

5.3 Ƙwaya da Uwa

Kalmar ƙwaya tana aiki a ƙwayar hatsi da ƙwayar ido da ƙwayar magani da ƙwayar cuta. A kafofin watsa labarai kuma akan yi amfani da ƙwayar halitta ga tubalin jiki da kuma umarnin gadon da ke cikinsa. Jimla irin "ƙwayar halitta ta lalace a cikin ƙwayar halitta" ba ta koyar da kowa. Raba su zuwa ƙwayar halitta da ƙwayar gado yana warware wannan.

Game da uwar ƙwaya, Hausa ta daɗe tana amfani da uwa a harɗaɗɗun sunaye domin nuna asali ko babba, kamar uwar garke da uwar jiki. Mafi dacewa a nan ita ce uwar kuɗi, wadda ke haifar da riba alhali ita tana nan. Sharuɗɗa biyun da masana suka gindaya, wato haifar da wasu nau'o'i da kuma ɗorewar kai, duka suna cikin wannan hoto, kuma duk ɗan kasuwa ya san bambancin asarar riba da karyewar uwa. Cikas ɗaya shi ne uwar hanji, sunan da aka san babban hanji da shi. "Iyayen ƙwayoyin uwar hanji" na da nauyi a baki, don haka ya fi kyau a riƙe babban hanji a rubutun ilimi. Sauran kalmomin da aka gwada su ne kwarmi, bisa kwarmin ido, da geza, da tsiro, da bin salsala, da hanjin gwaji.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi Clevers daga TCF1 a 1991 zuwa Lgr5 a 2007 da hanjin gwaji a 2009, ta nuna cewa sankarar hanji tana farawa ne a ƙasan kwarmi kuma tana ɗaukar shekaru kafin ta nuna. Ta kuma nuna cewa a Nijeriya majinyata kan isa asibiti a makare, kuma kalmomin basir da daji na cikin abubuwan da ya kamata a bincika a matsayin dalili. Masana irin su Farfesa Aliyu Muhammad Bunza sun share fagen nazarin maganin Bahaushe, marigayi Farfesa Ɗalhatu Muhammad kuma ya jagoranci tattara keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi a 1990. Ana buƙatar makamancin wannan aiki a fannin lafiya. Matakin farko shi ne binciken fili a unguwanni irin Kabara, inda manazarcin harshe da likitan hanji za su tattara abin da mutane ke nufi da basir, su kuma gwada kalmomin da aka gabatar a nan a kunnen malamai da mata da masu magani, a ga waɗanda suka zauna da waɗanda ke buƙatar sauyi.